Dubu Takwas Kafin a Kalli Idona

Sunana Garba. Ban-ruwa nake yi a gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure, tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Ban yi boko ba. Matata Hansatu ce ta yi firamare, ita ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ta ce ba za ta rubuta zagi ba, don haka abin da za ku karanta ragowa ne.

Maganar idona na hagu zan yi. Duk mai aiki a cikin ruwa ya saurara.

Tun ina yaro ba na ganin nesa. Aikinmu kuwa sai da ido. Mai gona zai ba ka eka biyu ko uku, ka jawo ruwa daga kanal da lanƙwasasshen bututun roba da muke kira saifon. Ka nutsa shi, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo ka kwantar a kan gaɓa, ruwa ya bi. Ashirin ko talatin a jere, kuma kowace fizga sai ruwa ya watso maka a fuska. Sannan ka miƙe ka hango ƙarshen gona, ka ga ko ruwa ya kai fangalin ƙarshe. Wanda ba ya hangowa sai ya nutsar wa mutane tumatir. Na taɓa yi, na sha magana. Shi ya sa na sayi gilashi.

Gilashi ya yi mini amfani, amma ruwa ba ya barin sa. Laka ta shafe shi, gumi ya zame shi. A rani ɗaya biyu suka faɗa kanal, ina kallo suka tafi.

Na koma shagon da nake saya a cikin birni. Shago ne mai sanyi, ga madubai ko'ina. Mai shi yana sa farar riga, kowa na ce masa Dakta. Daga baya na san ba likita ba ne, awon gilashi ya koya.

Ya ce, “Malam Garba, wai cin gilashin kake yi?”

Na ce, “Ruwa ke ci. Aikina a cikin ruwa yake, daga safe har yamma.”

Ya ce, “To ai akwai wanda ba ya faɗuwa.”

Ya ɗauko wani ɗan abu a kan yatsa, kamar ɓawon albasa na ciki, ya ce sunansa kontak. A cikin ido ake liƙa shi. Na ce da mai ban-ruwa fa yake magana, fuskata ba ta bushewa. Ya ce shi ya sa ma ya kawo mini shi. Sau biyu na faɗa masa aikina. Hansatu, rubuta sau biyu.

Dubu arba'in na biya, har da kwalbar ruwan da ake jiƙa shi idan an cire. Ya koya mini sawa da cirewa. Ya ba ni takarda da Turanci, ya ce in dawo bayan mako biyu a duba, daga nan duk wata uku. Bai ce dubawar ta kuɗi ce ba. Bai ce komai a kan ruwa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Na ga duniya yadda ban taɓa gani ba. Ina bakin kanal ina ƙirga balbelu a ƙarshen gona. Daga ƙofar gida nake gane ko Hansatu fushi take yi ko a'a.

Da mako biyu suka cika na koma. Matar da ke kan tebur ta ce dubu takwas. Na ce na me? Ta ce na dubawa. Na ce ido lafiya lau, in ba da dubu takwas a ce mini yana lafiya? Na juya na hau mota. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ga abin da nake yi a gona. Idan tsakuwa ko ƙaiƙayi ya shiga ƙarƙashin abin, ji kake kamar ƙaya. Sai in cire shi, in ɗauraye a kanal, in mayar. A wurinmu ruwa mai gudu mai tsarki ne. Da shi muke alwala, da shi muke wanke tumatir, in ƙishi ya matsa mu sha. Ruwan da zan yi tsarki da shi in tsaya gaban Ubangijina, ban taɓa kawo wa raina zai ƙazanta ɗan ɓawon roba ba. Ku tambayi kowane mai ban-ruwa daga Kura zuwa Garun Mallam, haka zai yi.

A wata na uku ciwon ya fara.

Makon farko idon hagu ya yi ja, yana hawaye. Na ce rana ce. Na ci gaba da aiki.

Mako na biyu ba na iya kallon haske. Ruwan kanal in ya ɗauki rana, kamar an soka mini allura. Ranar Talata na haɗa abin da ke hannuna na tafi birni. Bayan kuɗin mota dubu biyar suka rage. Matar ta ce takwas. Na ce a kira mini shi. Ya fito daga ɗakin na'ura yana goge hannu.

Na ce, “Dakta, dubi idon nan. Ga biyar, in kawo uku ranar Juma'a.”

Ya ce, “Ƙa'ida ce, Malam Garba. In na yi maka sai na yi wa kowa. Na'urar nan da kuɗi na sayo ta, janareta ma mai yake sha.”

Na ce, “To bar na'urar. Faɗa mini da baki, me zan yi?”

Ya yi murmushi ya ce, “Ai faɗar ita ce dubawar.”

Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Hawaye na zuba har kan rigata. Ya gani. Ina fita ya ce, “Ƙila afolo ce, ana yin ta yanzu.”

Wannan kalma kaɗai ya ba ni kyauta, na kuwa riƙe ta. Na dawo Kura na shiga kemis na ce a ba ni maganin afolo. Aka ba ni ɗigo na dubu biyu.

Mako na uku ɗigon ya yaudare ni. Jan ya ragu, zafin ya kwanta. Kwana huɗu na ji daɗi. Albasar mutane na jiran ruwa, sai na mayar da kontak na koma gona. Rana ta biyar ciwon ya dawo, ya zo da ƙarfin da ban san akwai irinsa ba. Na taɓa karyewa a ƙafa. Kunama ta harbe ni ba sau ɗaya ba. Waɗannan wasa ne. Wannan daga ido yake tashi ya ratsa kai ya sauka a haƙori. Na shige ɗaki, aka toshe taga da buhu.

Mako na huɗu na 'yan dubiya ne. Kowa da likitancinsa. Innata ta kawo kwalli. Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata da ke Garun Mallam, ya aiko da rubutu da turaren hayaƙi, ya ce jifa ce, wani abokin sana'a ne ke baƙin ciki da ni. Na sha rubutun, na shaƙi hayaƙin. Gwaggo Asabe, yayar babana, ta zo da nonon mai jego a murfin kwalba, aka ɗiga. Washegari ta dawo da ruwan albasa da sukari. Nan Hansatu ta tare ƙofa.

Ta ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ba zai shiga ba.”

Gwaggo ta ce, “Ke 'yar nan, kafin a haifi uwarki nake warkar da ido.”

Hansatu ta ce, “Na sani, Gwaggo. Amma ido ne, ba miya ba.”

Gwaggo ta yi kwana goma ba ta amsa gaisuwarta. Allah ya saka wa Hansatu. Gwaggo ma na gode mata, da ƙafa take zuwa daga ƙauyensu, abin da ta sani ta kawo.

Mako na biyar, da hantsi, Hansatu ta ɗaga buhun taga ta buɗe mini ido da yatsa. Ta ƙara matsowa ta duba. Na ce mene ne? Ta ce, “Baban Ladi, akwai fari a tsakiyar baƙin, kamar ƙwayar shinkafa.” Ita turara shinkafa take yi tana sayarwa. Ranar ta kira dillali ta sayar da buhu biyu na shansherar da ta ajiye na jari. Ba ta tambaye ni ba. Da ta tambaya da na hana.

Asibitin ido na birni, mun isa bayan sallar asuba, mun tarar da mutane sun fi ɗari. Layin kati daban, layin biya daban, layin awo daban. Ni na rufe kai da mayafinta kamar amarya, tana jan hannuna. Da azahar aka ce likita ya cika na yau. Muka koma gida. Washegari wani dattijon ma'aikaci ya ɗaga mayafin ya leƙa, ya ce, “Subhanallahi, wannan ba na layi ba ne.” Ya ja ni ya shigar. Ban san sunansa ba. Kullum ina sa shi a addu'a.

Likitar mace ce, ƙarama, ba ta da yawan magana. Ta sa haɓata a kan ƙarfe ta haska. Ta tambayi aikina, na faɗa. Ta tambaya ko ina sa wani abu a ido, Hansatu ta miƙa mata ɗan akwatin. Ta ajiye biro.

Ta ce, “Wa ya ba ka wannan, yana sane da aikinka?”

Na faɗa mata.

Ta ce, “Bai ce maka kada ruwa ya taɓa shi ba? Ko na famfo?”

Na ce bai ce ba.

Ta ce akwai wata halitta a cikin ruwa, ido ba ya ganin ta, amiba. Ido tsirara yakan kore ta da hawaye. Amma in ta samu wannan roba sai ta maƙale a ƙarƙashi, ta zauna tana cin baƙin ido. Ɗigon kemis kuma ya kwantar da jan ne, ya ba ta fili. Sai ta faɗi maganar da har yau take kunnena: “Da ka zo a mako na biyu, da ina da abin da zan yi maka alkawari.”

A mako na biyu ina tsaye a shagon mutumin nan da dubu biyar a hannu.

Ta kankari idon ta aika awo, dubu goma sha biyu. Ta rubuta ɗigo iri uku. Ɗaya babu a asibitin, sai a wani babban kanti, dubu ashirin da takwas ƙaramar kwalba, ba ta kai kwana goma. Duk awa ɗaya ake ɗigawa, dare da rana. Na sayar da babur ɗina.

Daga mako na shida zuwa na tara Hansatu ba ta yi barcin kirki ba. Ta sa ƙararrawa a waya. In ta buga, ta wanke hannu, ta ɗora kaina a cinyarta, ta buɗe fatar idon ta ɗiga. Maganin yana ƙuna kamar barkono. Wata rana na ture ta har ta bugi bango. Ta tashi ta ɗauki kwalbar ta duba ko ta zube, ta ce, “In ka gama, kwanta, saura ɗaya.” Ban ba ta haƙuri ba sai bayan wata biyu. Yanzu na sake ba ta, a rubuce, da hannunta.

Yayanta Lawan ya karɓi gonakin da nake ba ruwa don kada masu su su ba wani. Duk Juma'a sai ya kawo rabin abin da aka biya. Wasu 'yan'uwan kuwa zuwa suke su zauna har a sauke tuwo, su ce ai da na sha maganin wane da tuni na warke. Akwai wanda ya tambaye ni ko zan sayar da saifon ɗina tunda ba na aiki. Na san shi, ya san kansa.

Duk Litinin muna asibiti. Kuɗin mota mu biyu, kuɗin ganin likita, magani. Akuyar Hansatu ta tafi, da 'ya'yanta biyu. A mako na bakwai likita ta ce farin bai ƙaru ba. Na fito ina murna, har na sayi rake a tasha. A na takwas ta daɗe tana haska idon. Na tambaya, ta ce baƙin idon ya yi siriri, mu ci gaba.

Mako na goma, ina zaune a tsakar gida da safe, na yi atishawa. Sai na ji ruwa mai ɗumi ya gangaro kumatuna. Zafin ya sauka nan take. Na ce, “Hansatu, na samu sauƙi.” Ta zo ta duba, ta ɗauki mayafi ta ce mu tafi.

Idon ne ya fashe.

Likitar ta ce ba abin da ya rage a ceta, in aka bar shi ruɓa zai yi. Na dangwala yatsa a takarda. Aikin dubu casa'in. Ranar Alhamis aka kwashe shi. Da na farfaɗo ta zo bakin gado ta ce ta duba na dama, lafiyarsa ƙalau, in riƙe shi da kyau. Na gode mata. Ta yi iyakar yinta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Na koma gilashi. Hansatu ta yanko bakin tsohon zani ta ɗaure ƙafafunsa ta bayan kaina. Ko na sunkuya ba ya faɗuwa. Ko sisi ba a kashe ba.

To ga abin da zan faɗa wa masu ban-ruwa, da masu dashen shinkafa, da masunta. Kada ku sa abin nan a ido. Wanda ya riga ya sa, kada ruwa ya taɓa shi, kowane iri, ko na alwala. Kafin ku biya, ku tambayi kuɗin dubawa na shekara gaba ɗaya, a faɗa muku da Hausa. In ido ya yi ja, ku cire, ku wuce asibiti ranar. Kada ku bi ta shago, kada ku bi ta kemis.

Da ramin ya warke na fara zuwa birni duk Asabar. Akwai mai gyaran takalmi daura da shagon, yana da benci. Nan nake zama. Ba na rufe ramin idon. Duk wanda ya nufi ƙofar sai in yi masa sallama, in ɗaga gilashi, in ce, “A nan na sayi abin da ya yi mini wannan. Shiga, amma ka tambaya.” Ba na zagi, ba na ɗaga murya. Wasu su shiga. Da yawa su juya. Wata mata ta zo da 'yarta za a saya mata mai launi na biki, ta kalle ni, ta finciki hannun yarinyar suka tafi.

Asabar ta uku mai shagon ya aiko mai gadi. Na ce titi ba na ubangidansa ba ne. Ta huɗu ya fito da kansa.

Ya ce, “Malam Garba, kana kashe mini kasuwa. Ai na ba ka takarda, komai na ciki.”

Na ce, “Ranar da ka ba ni, a kife na riƙe ta. Kai ka juya mini ita.”

Ya juya ya koma shago.

Asabar goma sha ɗaya na yi. Sai wata Lahadi bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidana. Shi ne, da Kawu Idi, da limamin unguwarmu. Ashe ya bi ya nemo dangina. Aikin Hajji zai tafi, yana zagayen neman gafara kamar yadda ake yi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Babu farar riga yau, babbar riga ce. Ya ajiye ambulan a gabana.

Ya ce, “Ga wannan, dubu ɗari ne, a rage asara. Duk abin da ya faru ƙaddara ce. Ka yafe mini, in tafi da zuciya ɗaya.”

Na juya wajen liman na ce, “Malam, a shari'a diyyar ido ɗaya nawa ce?”

Liman ya gyara zama ya ce, “Rabin diyyar rai ce. Amma Garba, yafiya ta fi.”

Kawu ya ce, “Kai Garba, baƙon Allah ne fa. Mutum ya taso tun daga birni, ya durƙusa maka. Kada ka kunyata ni.”

Mutumin ya ce, “Kuma tsakani da Allah ba ni na sa maka ruwan kanal ba.”

Na ce, “Gaskiya ne. Ruwan ni na sa, wannan nawa ne, na ɗauka. Shirun naka ne. Kalma huɗu ce, cire, tafi asibiti yau. Ka riƙe su a baki saboda dubu uku.”

Ya sunkuyar da kai. Ban ji komai a raina ba.

Na tura masa ambulan da yatsa. Na ce, “In na karɓa ka ce mun rabu. Ba mu rabu ba. Ban yafe ba.”

Kawu ya yi salati, ya kira Hansatu ta bayan labule ya ce ta yi wa mijinta magana. Ta ce, “Kawu, ni ɗigawa kawai na yi. Idon nasa ne.”

Suka tashi. Kawu bai yi mini sallama ba, har yau ba ya ɗaukar wayata. Liman ya tsaya a baya ya ce in yi tunani, Allah yana son masu yafiya. Na ce na sani, Malam. Kuma Allah bai tilasta ba. Ya ce haka ne, ya sa takalmi.

An ce jirginsu ya tashi ranar Laraba. Ni ranar ina gona ina ba albasa ruwa, ina juya kai gaba ɗaya kamar kaza kafin in ga abin da ke hagu. Sau biyu ƙafata ta zame daga kan gaɓa. Da na fito na yi alwala na yi azahar, na roƙi Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya.

Ina so ya dawo. Ban gama da shi ba.